Likkafanin Aminiyata da Makullin Motata

Ku gyara zama ku ji. Wannan ba tatsuniya ba ce. A tatsuniya wawa kullum wani ne can, ana yi masa dariya a tashi. A wannan kuwa ni ce, da furfurata da komai.

Ni mace ce mai makulli. A gidan dukawa aka haife ni, cikin Birni, kuma tun kafin in iya ɗaurin zane sosai uwata ta koya mini irin ƙullin da ake yi wa bakin jakar fata, wanda in an ja shi ƙara kamawa yake. Da wannan ƙullin nake ɗaure makullaina a bakin mayafi. Na ɗaki, na adaka, na magaza inda hatsi yake, na madafi, da wasu ƙanana biyu da ni kaɗai na san abin da suke buɗewa. Shekara hamsin da ɗoriya ban yar da ko guda ba, kuma babu wanda ya zauna da ni rabin yini ban gaya masa haka ba. In yaro ya yar da makullin ɗakinsa, sai ya gwammace ya kwana a zaure da ya zo gabana. Na kan zaunar da shi in fara tun daga zamanin uwata.

To, ana nan sai autana, wanda ke aiki can arewa wajen Agadas, ya saya mini mota. Ba sabuwa ba ce, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano ce, fara, ta ga duniya kafin ta zo hannuna. Amma takardarta da sunana take. Kart giriz suke ce mata. Aka nuna mini inda sunan yake, na ɗora yatsa a kai tunda karatun boko bai ratsa ta ƙofarmu ba. Ban iya tuƙi ba, ban kuma nemi iyawa ba. Mai tuƙa ni surukina ne, mijin 'yata ta fari, mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya ajiye aiki, shi ya sa ake ce masa Mushe, mutum mai kunya har ya yi yawa. Shekara talatin yana auren 'yata bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. In zai yi mini magana, takalmina yake yi wa.

Dokokin motar ni na kafa su. Ba a cin gyaɗa a ciki. Ba a tofar da goro ta taga. Jikoki sai sun kakkaɓe ƙafa. Sannan makulli, wanda shi Mushe ke ce wa lakile, a wurina yake kwana. Ko ina muka tsaya, ko da ƙofar gidan suna ne, zai kashe mota, ya kulle tasa ƙofar, ya miƙo mini da hannu biyu, ni kuma in kwance ƙulli in haɗa shi da 'yan'uwansa. Sauran ƙofofin akwai wani ɗan maɓalli a bakin gilashi, in ka danna shi ka tura ƙofa, shi ke nan ta kulle. Wannan maɓalli na ƙaunace shi tun ranar farko.

Ina da aminiya, Babarbariya ce, kakanninta daga Barno suka zo. Tun muna 'yan mata muke ɗibar ruwa tare. Turaren wuta take haɗawa, duk zanen da ya kwana ɗakinta sai ya yi wata yana ba da labari. Allah bai halicci mutum biyu da suka saɓa kamarmu ba. Ita ɗakinta a buɗe yake kwana, kwanonta a gidan maƙwabta yake tsufa, takalminta ɗaya a nan ɗaya a can. Ita kaɗai ce a duniya take gaya mini magana kai tsaye. Magajiyar Makullai take ce mini, ko a gaban baƙi.

Shekara ɗaya muka sauke farali. A can ta sayi farin yadi, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya shi ya bushe a ranar ƙasa mai tsarki. Da muka dawo ta sa aka yanka aka ɗinka mata likkafani, ta turara shi, ta ninke. Da ƙafa ta fara gaza mata, 'yarta ta zo za ta tafi da ita wani ƙauye a ƙasar Guna inda take aure, sai ta zo mini da ƙunshin.

Ta ce, "Ƙawa, riƙe mini wannan. Can akwai gara, akwai ɓera, akwai jikoki masu neman rigar Salla. Ke kuwa ko iska ba ta shiga kayanki sai ta yi sallama. Ranar da aka ce miki na tafi, ki kawo mini da hannunki. Kada ki bari a naɗe ni da yadin kanti."

Na ce, "In na riga ki fa?"

Ta ce, "Ke? Ai ba za ki tafi ba sai kin gama kulle-kulle. Da sauranki."

Na samo ƙaramin akwatin ƙarfe, na sa ƙunshin a ciki, na sa masa kwaɗo, na ƙara makullinsa a bakin mayafi. Shekara huɗu yana ƙarƙashin gadona.

Ran wata Talata cikin bazara, an idar da sallar asuba ke nan, salula ta yi ƙara. 'Yar aminiyata ce. Ba ta iya cewa komai ba sai, "Inna, ta cika." Na yi salati, na zauna bakin gado, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Sannan na tuna ina da aiki. Na aika aka kira Mushe. Na jawo akwati, na kulle adaka, na kulle ɗaki, na taɓa kowane kwaɗo sau biyu kamar yadda na saba, na yafa mayafin da hannuna ya fara kaiwa gare shi, wani mai furanni ja da rawaya. Sai da na kai zaure na dube shi na ce a'a, ba a shiga gidan rasuwa da wannan. Na koma na buɗe ɗaki, na buɗe adaka, na ɗauko wani baƙi mai kauri da nake ji da shi, na sake kullewa. Na ce ba zan yafa shi yanzu ba don kada zaman mota ya yamutsa shi, sai mun isa. Ku lura da wannan wurin. Aminiyata na kwance ba rai, ni kuwa ina tunanin kada matan ƙauye su ga mayafina a yamutse.

Muka bar gudron, wato kwalta, muka shiga yashi. Da hantsi muka isa, rana ta riga ta fara cizo. Maza sun cika gindin wata bishiyar bedi a ƙofar gida, masu haƙa sun dawo da ƙasa a gwiwoyinsu, wato kabari ya gamu. Mu kaɗai ake jira. Mushe ya tsaya can gefe, ya kashe mota, ya ɗaga gilasai, ya fita ya kulle ƙofarsa, ya zagayo ya miƙo mini makulli da hannu biyu, ya wuce wajen maza. Ni ina baya, akwati a gefena. Na kwance ƙulli, na sa makullin mota, na ja ƙulli. Sannan na cire mai furanni na ninke shi na ajiye a kan kujera, na warware baƙin na yafa. Na sauko don in gyara shi da kyau a tsaye, in juyo in ɗauki akwati.

Hannuna ya riga kaina. Wallahi ban aike shi ba. Ya danna maɓalli, ya tura ƙofa, ta ce ƙyas.

Na tsaya. Na kai hannu bakin mayafi inda nauyi ya saba zama, na ji wayam, yadi kawai. Na leƙa ta gilashi. Ga mai furanni a ninke, tsaf, ƙullin na kallona. Ga akwati a gefensa.

Abin da na fara yi shi ne na waiwaya in ga ko wani ya gani. Babu wanda ya gani. Na ja hannun ƙofa a hankali kamar mai shafa ta. Na zagaya na ja ɗaya. Na zagaya na ja ta uku, ina tafiya a natse, ina motsa leɓe, har wata mata da ke wucewa da tulu ta ce, "Allah sarki, Hajiya tana yi wa mota addu'a." Na gwada bayan motar. Duk a kulle. Aikina ba ya da aibu, ni na sani.

Sai ga 'yar marigayiya ta fito da gudu ta faɗa jikina tana kuka. Da ta ɗago ta ce, "Inna, an gama wanka. Ina kayan?"

Na ce, "Suna nan."

"Ina?"

Na nuna da haɓa.

Aka kira Mushe. Ya zo ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya dubi takalmina ya ce, "Inna, kamar dai lakile ɗin yana ciki."

Na ce, "Na gani, Mushe."

Ya ce, "Ba komai. Ai mota da lakile biyu ta zo. Bari in kira gida a ba ɗan kabu-kabu ɗayan ya kawo, in ya yi sauri kafin azahar ya iso. A ina yake?"

Na ce, "Yana cikin adaka."

"To sai a buɗe adakar."

"Adakar tana ɗaki. Ɗakin a kulle."

"Makullin ɗakin fa?"

Na sake nuna gilashi da haɓa. Na ga kunnen Mushe ya motsa. Shekara talatin ban taɓa ganin haƙoransa ba, ran nan ma ban gani ba, amma na ga wahalar da ya sha kafin ya ɓoye su.

Kafin a ce haka maza sun baro gindin bedi sun kewaye mota. Kowa da shawararsa. Wani ya kawo makullin babur ɗinsa ya zura, wani ya kawo na injin niƙa. Wani tsoho ya ce a girgiza ta ko maɓallin zai tashi, samari huɗu suka kama suka girgiza, ina tsaye ina jin kamar hanjina ake girgizawa. Daga ƙarshe aka ce a kira maƙerin garin.

Ya zo da ruwan fartanya da doguwar waya da guduma a hammata, wani baƙin dattijo mai ƙunar wuta a hannuwa. Ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya, ya leƙa ya ce, "Hajiya, wa ya yi wannan aika-aika? Yaran yanzu ba su da hankali."

Na ce, "Yi aikinka, Sarkin Maƙera."

Ya ce, "Af. To Allah ya ba mu haƙuri."

Ya naɗe ruwan fartanya da tsumma, ya cusa a saman ƙofa, ya ɗan ɓamɓare ta har aka samu kafar da yatsa zai shiga. Ya lanƙwasa bakin waya ya zura yana neman kan maɓalli. Wayar ta kama, ta zame. Ta kama, ta zame. Maɓallin sumul yake kamar ƙwai, kuma ni na san dalili, don ni nake sa a goge shi da tsumma kowace Juma'a. Gumi na ɗiga daga gemunsa.

Liman ya aiko ƙanen mijin 'yar, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, Malam ya ce a gaya miki zafi ya yi yawa, ba a jinkirta mamaci. Ya ce kowane farin yadi mai tsarki ya isar, akwai a kantin bakin kasuwa."

Gaskiya Liman ya faɗa, na sani, ko a gaban wa zan ce gaskiya ce. Amma ba Liman aka ba amana ba. Na ce a roƙe shi ya ƙara mana kaɗan.

Wata mata daga baya ta ce, "Ai likkafani yadi ne, a jawo shi da wayar ta wannan kafa mana." Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Maƙeri ya ce, "Yana ina, Hajiya?" Na ce yana cikin akwatin can. Ya dubi akwatin, ya dubi kwaɗon da ke rataye a bakinsa, ya dube ni. Ya ce, "Shi ma?" Na ce shi ma.

Sai ya bar maɓalli ya nufi mayafin. Da ikon Allah wayar ta cafke shi. Ya jawo a hankali, a hankali, har gefensa ya leƙo ta kafar. Na ce a ba ni wuri, kayana ne. Na kama na ja. Mayafi ya yi ta fitowa, ja da rawaya, a gaban dukan mutanen da na ɓoye shi dominsu, har ƙullin ya iso bakin kafa ya tsaya. Makulli takwas ne a dunƙule kamar kan jariri. Ina jin su suna buga gilashi daga ciki, tsakanina da su bai kai faɗin tafi ba.

Maƙeri ya ce, "Tsaya, Hajiya, kada ki ja, bari in ga ko zan zaro guda."

Na ja. Yadi ya ce kyaaat. Na yi baya taga-taga, Allah ya sa akwai mata a bayana. Makullai suka faɗa ƙarƙashin kujera inda ko ganinsu ba a yi. Kuma bari in gaya muku abin kunya: a cikin wannan hali, da yagaggen mayafi a hannuna, sai da wani abu a zuciyata ya ce, kin gani, yadin ne ya yage, ƙullin bai kwance ba.

Ɗan aiken Liman ya dawo. Wannan karon bai zo wurina ba, wajen 'yar ya je ya yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga wani ya hau keke ya nufi kasuwa. 'Yar ta zo ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ki bar shi. Allah ya ga niyyarki."

Na dubi mutanen nan. Maƙeri yana jujjuya guduma yana kallon sama. Mushe yana kallon ƙasa. Samari suna kallon gilashi, su kalle ni, su kau da kai. A nan na gane. Tun sa'ar da muka fara, babu wanda bai san abin da ya kamata a yi ba. Ba wanda ya iya faɗa ne kawai. Mushe ba zai ce a fasa motar surukarsa ba ko za a kwana. Mutanen garin kuwa labarina ya riga ni zuwa, aminiyata ta shekara huɗu tana ba su shi, sun san matar da ba a cin gyaɗa a motarta. Mutum ɗaya ce za ta iya dubana ta ce, "Magajiya, fasa tsiyar nan mu wuce," ita kuwa tana ciki an lulluɓe ta da zanen aro tana jirana. Ni ma ai na sani. Tun ƙyas ɗin farko na sani, na tura sanin can ƙarƙashin zuciya na sa masa kwaɗo.

Na ce, "A ba ni taɓarya."

Aka kawo. Na gyara tsayuwa kamar zan yi sussuka, na yi bisimilla, na ɗaga na maka. Shekaru sun ci saitina. Taɓarya ta sauka a jikin ƙofa, ƙasa da gilashi, ta yi rami kamar na dara. Na sake ɗagawa, wannan karon na samu gilashin, amma taɓaryar ta dawo mini kamar an tunkuɗo ta, gilashi ko gezau.

Maƙeri ya ce, "Hajiya, ba gero ba ne. Kawo nan." Ya zaro wani tsinin ƙarfe daga aljihu, ya kafa shi a kusurwar ƙaramin gilashin baya, ya miƙo mini guduma ya ce, "Ni zan riƙe, ke ki buga, don kada gobe a ce maƙeri ne. Ki dubi yatsuna, da su nake ci."

Na buga sau ɗaya, ba da ƙarfi ba ma. Gilashi ya zube kamar gishiri. Mushe ya zura hannu ya ɗaga maɓalli. Abin da ya tsayar da gari guda tun hantsi, da yatsa biyu ya ɗaga shi.

Na durƙusa da gwiwoyina na lalubo makullai a ƙarƙashin kujera. Ƙullin ya ƙi kwancewa, jan da na yi ya ƙara kama shi, sai da maƙeri ya sa wuƙa. Na buɗe kwaɗo. Da na ɗaga murfi ƙamshin turarenta ya taso, shekara huɗu bai tafi ba, kamar ita ce ta shigo ɗaki. Sai a lokacin na yi kuka. Mai keke ya dawo da yadin kanti a daidai sa'ar da nake shiga gida da ƙunshin a ƙirjina.

Da hannuna na sa mata. Na ɗaura mata kallabi yadda take so, ya ɗan karkata. Na sunkuya na ce mata a kunne, "Ga shi na kawo. Na makara, amma kin san dalili, kada ki tambaye ni." Aka ɗauke ta kafin rana ta take tsaka.

Da la'asar za mu koma, Mushe ya toshe tagar da yagaggen mai furanni. Na miƙa masa makullin mota na ce, "Daga yau ya zauna wurinka." Ya karɓa da hannu biyu. Muka kama hanya. Mun kusa hawa gudron sai na ji bakin mayafina ba nauyi, gabana ya faɗi, na ce, "Mushe, makullin nan yana nan kuwa? Ka sa shi a aljihu mai zurfi?"

Ya ce, "Inna, shi ke tafiya da mu."

An sa sabon gilashi, amma ramin taɓarya na hana a gyara. Da muka iso gida ran nan, kafin in sha ruwa, na buɗe ɗaki, na buɗe adaka, na buɗe wani akwatin da ke cikin adakar, na fito da nawa likkafanin. Na sa shi a cikin kwalla, na ɗora a kan kabad, na tara duk mutanen gida na nuna musu. Na ce ga shi nan, babu kwaɗo, babu makulli, ranar da ta zo ko ƙaramin yaro zai iya miƙo shi. Yana nan har yau. Sai dai in zan fita unguwa, ɗakin kam ina kulle shi.